Godiyar bayan zaɓen kwamitin lakwal: wa ake gode wa, kuma da me?

Daren da aka zaɓe ni ma'ajin ƙungiyar iyayen yara ta lakwal, wato makarantar firamare, ta unguwarmu a nan Tawa ta Nijar, sau uku ina ɗaukar saƙon murya a WhatsApp ina gogewa. A na farko na jera sunaye kamar maroƙi a gidan biki, sai da na kai ƙarshe na tuna ban ambaci gwaggona ba, ita da ta fi kowa shan rana saboda ni. A na biyu na ce ina godiya ga duk waɗanda suka jefa mini ƙuri'a. Mai ɗakina tana gefe tana ninke kayan yara, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "To waɗanda ba su jefa maka ba, 'ya'yansu a wata lakwal suke?" Na uku kuwa, da na saurara, sai na ji muryar ɗan takarar depite, wato ɗan majalisa, har da "in Allah ya yarda za mu kawo sauyi". Kunya ta kama ni, na kife wayar na kwanta.

Kwana huɗu saƙon nan bai fita ba. A cikin kwanakin na gane cewa wuyar godiyar ta samo asali ne daga yadda aka gina kwamitin kansa, don haka sai an warware wannan kafin a fahimci waccan.

Mutane da yawa, har cikin waɗanda suka zo suka yi layi ranar, ba su rarrabe abubuwa uku da ke jikin lakwal ɗin gwamnati. Akwai ƙungiyar iyayen yara, APE, wadda duk mai ɗa a makarantar ɗan cikinta ne, ko ya taɓa zuwa taro ko bai taɓa ba. Akwai ƙungiyar iyaye mata, AME, masu bin sawun 'yan mata musamman, su san wadda ta daina zuwa da dalilin dainawar, talla ce ko maganar aure. Sai kwamitin gudanar da lakwal, inda darakta da wakilin malamai da wakilan waɗancan ƙungiyoyi biyu ke zama tabarma ɗaya. Shi ne COGES. A 2012 hukuma ta sauya masa suna zuwa CGDES, amma harshen mutane ya ƙi ɗauka, har yau "Kojes" za ka ji a bakin tsohuwa da yaro. Iyaye ke zaɓen shugabanninsu, daga cikin waɗanda aka zaɓa ake tura wakilai cikin kwamitin. Darakta ba a zaɓensa, kujerar ta zo ne tare da aikinsa, kuma galibi shi ke riƙe alƙalamin rubuta abin da aka yanke.

Tushen abin yana cikin dokar tsarin ilimi ta 1998, wadda ake kira LOSEN, da ta ce ɗawainiyar makaranta ta gwamnati ce da ƙananan hukumomi da iyaye gaba ɗaya. Da aka shiga shirin shekara goma na bunƙasa ilimi, PDDE, a 2003, sai aka ɗauki kwamitocin nan a matsayin hanyar shigar da iyaye cikin lamarin. Amma da yawansu a takarda kawai suke. Mai gari da darakta su zauna a zaure, su ce wane ne shugaba, wane ne ma'aji, a aika sunaye sama, shi ke nan. Ba wanda ya zaɓe su, don haka ba wanda suke jin dole su yi wa bayani.

Abin da 'yan Tawa ƙalilan suka sani shi ne, gyaran da aka yi wa wannan tsari a jiharmu aka fara shi. A 2004 ma'aikatar ilimi da hukumar Japan mai haɗin gwiwa da ƙasashen waje, JICA, suka ƙaddamar da shirin École pour tous, wato lakwal don kowa, a wasu makarantun jihar Tawa. Abubuwa uku suka dage a kai: a zaɓi shugabannin iyaye ta ƙuri'ar sirri, a tsara aikin shekara a gaban babban taron jama'a su amince, sannan a riƙa bibiya ana ba da bayani. Daga Tawa aka kai shi Damagaram, a 2007 aka baza shi ƙasa baki ɗaya, daga baya Senegal da Mali da Burkina Faso da Madagaska suka ɗauki salon. Ƙananan kwamitocin kuma aka haɗa su cikin tarayya a matakin kowace komin, wato ƙaramar hukuma, don su riƙa duba juna.

A cikin abubuwa ukun da shirin ya dage a kai, ƙuri'ar sirrin ce ta girgiza zaure. Duk wanda ya girma a ƙasar Hausa ya san abin da ɗaga hannu a taro yake nufi. Ba za ka ɗaga hannu ka ƙi ƙanen hakimi ba alhali yana kallonka. Ba za ka ƙi mutumin da ya ranta maka tiya goma ta hatsi da bazara ba. Mace ba za ta ɗaga hannu ga wanda mijinta bai ɗaga wa ba. Kunyar ido ita ke zaɓe, mutane suna tafa mata kawai. Da aka rataya zane a lungun aji aka ce kowa ya shiga shi kaɗai, sai aka fara ganin sakamakon da ba a saba gani ba: tela ya kayar da attajiri, matashi mai ɗan karatu ya karɓi alƙalami daga hannun dattijo.

Haka aka yi namu. An taru a ƙarƙashin dogon yaron da ke tsakar lakwal da hantsi, bayan an gama girbi. Mata sun fi maza yawa nesa ba kusa ba, kuma duk Ba'adare, wato ɗan yankinmu na Adar, ya san dalili: da zarar hatsi ya shiga rumbu, maza sun kama hanyar Abijan da Libiya da Aljeriya da Najeriya. Saboda yawancin masu zaɓen ba su karatun boko, sai aka ba kowane ɗan takara launi. Ni kore aka ba ni, abokin karawata, wani dattijo da ya daɗe yana riƙe da kuɗin, aka ba shi rawaya. Mutum ya karɓi takardu biyu da ambulan, ya shiga bayan zane, ya sa ɗaya, ya fito ya jefa a kwalin sabulun da aka liƙe aka huda. Da aka zo ƙirga, wani mushe, wato malamin lakwal, yana ɗaga kowace takarda sama yana faɗin launin da ƙarfi, wata yarinya 'yar CM2, ajin ƙarshe na firamare, tana ja da alli a allo, sanda huɗu ta biyar ta gitta. Na ci da tazarar da ba ta kai a yi fahariya da ita ba.

Nan ne matsalar godiya ta fara. Daga la'asar ɗin ranar zuwa washegari, waɗanda suka tare ni suka riƙe mini hannu suka ce "ai kore na jefa" sun fi ƙuri'un da na samu yawa. Na ƙirga su a zuciya, da gaske nake. Ban ce kowa ya yi ƙarya don mugunta ba, wani ladabi ne kawai yake yi, wani kuma yana ajiye jari. Amma zanen da ya ɓoye mai ƙuri'a daga idon hakimi, ya ɓoye shi daga idona ni ma. Ban san wa ya zaɓe ni ba, kuma tsarin an yi shi ne musamman don kada in sani. Wanda ya ci zaɓen sirri ya tashi zai ware "nawa" ya gode musu, to ya yage zanen ke nan da bakinsa, kuma zai yage shi ne bisa zato. Abin da mai ɗakina ta hango ke nan tun tana ninke kaya.

Akwai kuma nauyin da ƙuri'ar ta ƙara yi a 'yan shekarun nan. Tun bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023, an rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilu 2024 aka naɗa masu riƙo, sannan aka rusa jam'iyyun siyasa a watan Maris 2025. Ko mutum yana goyon bayan wannan ko ba ya goyon baya, gaskiyar ita ce kwalin sabulun nan na lakwal yana cikin 'yan wuraren da talaka ke jefa takarda a ƙirga a gabansa. Matar da ta bar daka da ɗebo ruwa ta zo ta tsaya awa biyu a rana, ta cancanci godiya a kan zuwan kansa, rawaya ta jefa ko kore.

Wani ƙanena da ke karatu a waje ya turo mini irin wasiƙun da 'yan takarar hukumar makarantu ke rubutawa a Amurka bayan sun ci, wai in kwaikwaya. Can lamarin daban ne. Suna da gundumomin makarantu wajen 13,000, yawancinsu da zaɓaɓɓun hukumomi masu ikon ɗaukar shugaban makarantun gunduma da amincewa da kasafin kuɗi, kuɗin kuma kaso mai tsoka yana fitowa ne daga harajin gidaje da filaye. Ɗan takara yana da 'yan sa-kai masu bin ƙofa-ƙofa da kafa alluna, in ya ci sai ya gode musu, kowa ya koma harkarsa, ma'aikata masu albashi su ci gaba. Mu ba mu ɗaukar malami, ba mu korarsa, ba mu da ikon sa haraji. Waɗanda za ka gode wa yau, su ne gobe za ka roƙa su ɗauko azara da zana a ka. Wasiƙar sallama ba ta yi mana ba, tun da ba a sallami kowa ba.

'Yan sa-kan ma ba iri ɗaya ba ne, kuma na lura an fi gode wa waɗanda suka fi ƙarancin cancanta. Akwai waɗanda suka yi wa takarata aiki, kamar gwaggona da ta bi gidajen kulle tana cewa ɗan ɗan'uwanta ya iya lissafi, da wani ɗan kabu-kabu da ya yi ta jigilar tsofaffi bai karɓi ko dala ba. Akwai waɗanda zaɓen suka yi wa aiki, ba ni ba: mai shelar da ya zaga unguwa da maraice biyu, limamin da ya yi sanarwa bayan sallar isha'i, madam ɗin, wato malamar lakwal, da ta kwana tana yanka takardu masu launi da almakashin gidanta. Sai kuma waɗanda tun kafin a yi maganar zaɓe suke ɗauke da lakwal ɗin ba tare da kujera ba, irin tsohuwar da kullum take cika randunan aji da ruwa, da matasan da ke zama da yara da dare suna bitar karatu a hasken fitila. Mai cin zaɓe yana ganin kashi na farko saboda su ke kusa da jikinsa. Na ƙarshen kuwa sai ya yi da gangan zai tuna da su.

Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici, kuma malamai kullum suna tuna mana hadisin da ke cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Ba mai jayayya da wannan. Inda gizo ke saƙa shi ne, siyasar da muka taso a cikinta ta koya mana cewa godiyar wanda ya ci zaɓe ana auna ta ne da abin da ya raba. Kwana biyu da zaɓe sai ga taubashina da sassafe, tun daga zaure yake kirari.

"Ina ma'aji? Bawan nawa ya zama babban mutum! To ka san mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya."

Na ce, "Wace miya ka gani a murhun?"

Ya ce, "Rumfunan aji huɗu za ku ɗaura bana, na ƙirga. Zanar ni zan kawo."

Na tambaye shi farashi, sai na ga ya ɗora dala 50 a kan kowace zana bisa abin da ake sayarwa a kasuwa. (Ga masu karatu daga Najeriya: dala a wajenmu sefa 5 ce, jika kuma sefa 1,000.) Na ce masa ya kawo farashinsa ranar taro tare da sauran masu zana, wanda ya fi rahusa da kyau shi za a ba. Ya yi dariya ya ce tun ban fara ba na zama nasara. Wasa ne, amma ya tafi da ɗan abu a ransa, na gani.

Ba zan ce duk mai zuwa da buƙata maci amana ne ba. Da yamma gwaggo ta aiko kirana. Na same ta a kan tabarma tana jiƙa ƙafafunta a ruwan ɗumi. Na durƙusa na gaishe ta na fara jero godiya, ta katse ni.

"Kai ɗan nan, ni ban yi yawon ga don ka ba ni komi ba. Amma ɗiyan marigayi su ukku, wa za shi biya musu kuɗin lakwal?"

Na ce, "Gwaggo, ku yi haƙuri, ba ni da ikon yafe wa kowa ni kaɗai. Amma ranar taro zan sa maganar marayu a gaba, nasu da na wasu."

Buƙatarta gaskiya ce, hanyar ce kawai za a gyara. In na share sunan jikokinta a ɓoye, na yi sata da kuɗin jama'a na biya bashin kaina. In taro ya yanke cewa maraya da ɗan wanda ba shi da hali ba sa biya, jikokinta sun shiga ciki da mutuncinsu, tare da 'ya'yan waɗanda suka jefa rawaya. Bambancin siriri ne, amma a kansa amanar ma'aji take tsaye. Ni a ganina ma, gudunmawar nan ko kaɗan bai kamata ta zama dalilin mayar da yaro gida ba, tun da lakwal ɗin gwamnati ce, kuɗin kuma yarjejeniya ce tsakanin iyaye.

To me ake yi da kuɗin, har ake wannan ja-in-ja a kansa? A wajenmu taron bara ya yanke dala 100 a kan kowane yaro, kuma ba kowa ke biya ba. Daga ciki ake sayen alli in na hukuma ya ƙare, a gyara teburan zama, a sayi ruwa, a kai yaron da ya faɗi likita. Amma abin da ke cinye mafi yawa shi ne rumfa. Ajujuwan siminti ba su isa ba, don haka kowace shekara sai an ɗaura na zana, kuma ba a samun kara da ciyawa sai an gama girbi. Ga shi a watan Oktoba ake komawa karatu. Yaran rumfa sukan rasa makonni a farkon shekara, sannan iskar farkon damina ta kwashe rumfar tun kafin a rufe. Hukumomi da kansu sun taɓa ƙiyasta irin waɗannan ajujuwa da kusan 36,000 a faɗin ƙasa. Kuma ba wanda ya manta 2021: gobarar 13 ga Afrilu a unguwar Pays-Bas ta Yamai da ta ci yara aƙalla 20, da ta 8 ga Nuwamba a Maraɗi da ta ci aƙalla 25. Duk ma'ajin da ya sa hannu aka sayi zana, ya kamata ya je ya ga inda aka kafa rumfar, nisanta da masu tuya a bakin ƙofa, da ko tana da mafita biyu. Kowa ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski.

Sai dai rumfa ba ita ce karatu ba, kuma nan ne nake ganin kwamitoci da yawa suke yaudarar kansu da waɗanda suka zaɓe su. A shekarar karatu ta 2007 zuwa 2008 an yi wani gwaji a makarantu 1,000 na jihohin Tawa da Damagaram: aka ba kwamitocin 500 tallafin kuɗi kai tsaye, aka bar 500 don kwatantawa. Masu bincike biyu, Elizabeth Beasley da Elise Huillery, suka bi sawun abin. Iyaye sun ƙara zuwa taro, sun ƙara sa hannu, an yi gyare-gyare. Amma sakamakon yara a gwajin karatu bai ɗaga ba, kuma fashin malamai ma ya ɗan ƙaru a makarantun da suka sami kuɗin. Ba wuya a gane dalili. Uban da bai taɓa zama a aji ba yana iya gane rufin da ke yoyo, amma ba ya iya gane cewa ɗansa na CE2, wato aji huɗu, bai iya haɗa baƙi da wasali ba, kuma ba shi da bakin da zai tuhumi mushe. Wani gwajin da aka yi daga baya a jihar Tillaberi ya nuna cewa in aka haɗa kuɗin da horar da kwamiti kan yadda za a auna yara a nuna wa iyaye sakamako, to nan ne karatu ke motsawa.

Girman ramin kuwa, binciken PASEC na ƙasashe masu amfani da Faransanci ya nuna shi. A 2014, cikin yaran Nijar da ke ƙarshen firamare, waɗanda suka kai matakin da ake so a karatu ba su kai 1 cikin 10 ba. A 2019 sun kai kusan 3 cikin 10. An ci gaba, amma har yanzu bakwai ne a baya. Shi ya sa shirin lakwal don kowa ya koma kan abin da ake kira PMAQ: a yi wa yara gwaji mai sauƙi, a karanta sakamakon a gaban iyaye, sannan a shirya ƙarin awoyi bayan tashi da littattafan atisaye, malamai da 'yan sa-kai na unguwa suna kula. Na taɓa halartar taro irin wannan a matsayin uba. Da darakta ya ce cikin yaran wani aji kaza ne kawai suka iya ragi mai aro, wurin ya yi tsit, sannan wata mata ta miƙe ta ce ɗakinta na zaure a buɗe yake, a kawo yara da dare. Ban taɓa ganin jawabin godiya ya tayar da mutum tsaye haka ba. Faɗa wa mutane gaskiyar halin da 'ya'yansu ke ciki girmamawa ce, kuma suna gane ta.

Saura mutum ɗaya da na yi ta kewaye-kewaye kafin in fuskanta, wato dattijon da na kayar. Shekara tara yana riƙe da kuɗin. Ba a taɓa kama shi da cin ko dala ba, ƙorafin mutane shi ne ba ya rubutu, komai a ka yake, in an tambaya sai ya ce "akwai" ko "babu". A rana ta huɗu bayan magariba na same shi a ƙofar gida a kan buzu. Na cire takalmi na tsuguna.

"Baba Alhaji, na zo ne in gaishe ku, in kuma yi muku godiya. Abin da kuka riƙe shekara da shekaru, mu yanzu za mu fara koyo."

Ya daɗe yana jan carbi bai ce komai ba. Sannan ya aika yaro ciki ya ɗauko wani gwangwanin madara, ya ajiye a gabana.

"Ƙirga, ɗana. A gaban yaron ga."

Na ƙirga: jika 23 da 'yan canji. Na ce ko akwai bashin da ake bin lakwal. Ya yi murmushi ya ce akwai mutum ɗaya, amma ba zai zo tambaya ba. Sai daga baya darakta ya gaya mini cewa rumfunan shekara biyu da suka wuce, rabin kuɗin daga aljihun Alhaji ya fito, kuma bai taɓa faɗa ba. Rashin rubutun da muka yi kamfe a kansa ya ɓoye alherinsa kamar yadda zai iya ɓoye ɓarnar wani. Na ji nauyi ƙwarai. Na roƙe shi ya yarda in gabatar da sunansa cikin masu binciken lissafi, waɗanda aikinsu shi ne su buɗe kayena, wato littafin lissafina, duk lokacin da suka ga dama. Ya ce shi da bai iya boko ba me zai bincika? Na ce jikarsa 'yar CM2 za ta karanta masa, shi kuma ya san farashin kowace azara a garin nan fiye da kowa. Ya ce zai yi shawara.

A daren na sayi kaye mai shafi 200, na ja layi uku: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Takardun hukuma da Faransanci ake cika su, amma wannan da Hausa nake rubuta shi, tun da a gaban masu jin Hausa za a karanta. Layin farko na sa jika 23 ɗin Alhaji da sunan yaron da ya shaida. Sannan na ɗauki waya, wannan karon sau ɗaya. Na yi sallama, na gode wa duk wanda ya zo ranar zaɓe da wanda uzuri ya hana shi. Na ambaci mai shela da liman da madam mai almakashi da tsohuwa mai randa da matasan bitar dare, na ambaci Baba Alhaji da shekarunsa tara. Na faɗi abin da na tarar a gwangwani. Na ce babban taro ranar Asabar ta sama da hantsi, za a yi maganar rumfuna huɗu da maganar marayu da gwajin karatun yara, masu zana kowa ya zo da farashinsa. Minti ɗaya da rabi.

Taubashina ya amsa da hoton dariya. Gwaggo ba ta da waya, sai da safe na je na kunna mata. Wajen ƙarfe ɗayan dare kuma wani saƙo ya shigo daga lambar Kodibuwa, muryar wani da ban gane ba, ana jin ƙarar motoci a bayansa. Ya ce 'ya'yansa biyu suna CP da CE1, wato aji biyu da aji uku, bai sami zaɓe ba don yana Abijan, matarsa ce ta je kuma ta ƙi gaya masa launin da ta jefa. Yana tambaya nawa ne kuɗin rumfa guda, da sunan wa zai turo.